Ciwo a gaban kunne, an ce in cire haƙori: ina neman shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku taimaka min da shawara kafin Asabar. Wata huɗu ke nan ina fama da ciwo daidai gaban kunnena na dama. Na ɗauka kunnen ne, na je wani asibiti aka ba ni maganin ɗigawa, na ƙarar da kwalba biyu ba abin da ya sake. Da na koma aka haska aka ce kunnen lafiyarsa lau. In na buɗe baki sai in ji ƙwas, wani lokacin har wanda ke kusa da ni yana ji. Da asuba kuwa ina tashi muƙamuƙina a gajiye kamar na kwana ina tauna ganda, ga ciwon kai a gefen goshi. Jiya wani mai cire haƙori a unguwarmu ya duba, ya ce haƙorin ƙarshe ne, in zo Asabar ya cire. Ni kuma haƙorin nan bai taɓa yi min ciwo ba, ba rami, ba kumburi. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya Yalwa: Wa'alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya yaye. Sanyi ne ya shige ki, kin san fanka da kwana ba ɗankwali. Ki dinga gasa wurin da ruwan ɗumi safe da dare, ki shafa man kaɗanya.

Baban Walid: Maman Ilham ki nemi wanzami ya yi miki ƙaho a bayan wuya. Mataccen jini ne. Ni da kaina ya min aiki.

Sani Kemis: Diclofenac safe da yamma kwana biyar, za ki manta da shi.

Sista Rabi: Malam Sani, ko tambayarta ba ka yi ba ko tana da olsa, ko tana da juna biyu. Maman Ilham?

Maman Ilham: Juna biyu babu. Olsa kam akwai, tun ina budurwa, azumi ma sai da lallaɓawa.

Sista Rabi: To kin gani. Kar ki kusanci diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam na haɗiya sai likita ya ce. Su ne ke tayar da olsa, har su kai mutum ga aman jini. Paracetamol ya ishe ki yanzu. Bari in kira Dakta Nura, wannan gonarsa ce.

Sani Kemis: Na karɓi gyara Sista. Amma fa da abinci ake sha.

Sista Rabi: Abinci ba ya hana shi cin ciki, ta jini ma yake bi.

Dakta Nura (likitan haƙori): Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga saƙon. Maman Ilham, ba zan iya ce miki ga ciwonki ta waya ba, amma abu ɗaya zan faɗa ba tare da shakka ba: kar ki bari a cire miki haƙorin da bai yi laifi ba. Wanda aka cire ya tafi ke nan. Na sha ganin wanda aka cire wa biyu, uku, ciwon kuma yana nan inda yake, don tun farko ba a haƙori yake ba.

Ki gwada wannan yanzu. Ɗora ɗan yatsanki a gaban kunne, kusa da ɗan guringuntsin nan da ya tokare ƙofar kunnen, sai ki buɗe baki a hankali. Za ki ji wani abu ya motsa ya zame gaba. Nan ne mahaɗar muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, wadda a takardun asibiti za ki ga an rubuta TMJ. Ba irin gaɓar gwiwar hannu ba ce mai lanƙwasa kawai. Ita tana juyawa kuma tana zamewa, a tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai mai laushi kamar matashi. In faifan ya ɗan gusa gaba daga mazauninsa, duk sanda kika buɗe baki sai kan ƙashin ya haye shi, wannan ne ƙwas ɗin da kike ji. Tsakanin gaɓar da ramin kunne kuwa ɗan siririn ƙashi ne kawai, kuma jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga gaɓar ita ce ke kula da wani sashe na kunnen. Shi ya sa mutane ke fara zuwa wajen likitan kunne. Wani likitan kunne ne ma a Amurka, James Costen, ya yi fice da bayanin wannan a 1934, saboda irinku da suka yi ta zuwa masa da kunne lafiyayye.

Tambayoyi uku. Yatsu nawa ke shiga bakinki in kin jera su a tsaye tsakanin haƙoran gaba? Maigida ya taɓa ce miki kina cizon haƙora cikin barci? Kuma mece ce sana'arki?

Maman Ilham: Ikon Allah, na ji motsin kuwa, kuma daidai nan ne ciwon. Yatsu biyu sun shiga, na ukun sai da zafi. Na tambayi Baban Ilham ya yi dariya, wai shekara nawa yana jin ƙurus-ƙurus da daddare kamar ɓera na cin gyaɗa, bai faɗa ba ne don kar in ji haushi. Ɗinki nake yi a gida.

Dakta Nura: Madalla. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku na mai shi, wato milimita 40 zuwa sama. Naki ya ɗan ragu amma bai kulle ba. Ɗinki kuma: da me kike yanke zare?

Maman Ilham: Kai Dakta. Da haƙori mana, wa ke neman almakashi ana sauri. Allurai ma a leɓe nake riƙewa. Kuma yanzu da ka faɗa, abin ya fara ne lokacin ɗinkin Babbar Sallah, kusan sati uku ban yi barcin kirki ba, ga masu kaya suna ta kira, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa ina taka keke. Bayan Sallah kuma aka shiga soyayyen nama.

Asma'u Gombe: Wallahi kamar labarina ake bayarwa. Ni cingam ne ya ja min, lokacin jarabawar ƙarshe.

Dakta Nura: To kin kawo amsar da kanki. Mafi yawan masu wannan ciwo ba gaɓar ce ta lalace ba, naman da ke motsa ta ne ya gaji. Ki damƙe haƙoranki ki taɓa kumatu wajen kusurwar muƙamuƙi, za ki ji tsoka ta kumburo. Akwai wata a gefen goshi mai faɗi kamar mafici, ita ce ke ba ki ciwon kan nan. Tsoka ce kamar ta ƙafa, in ta wuni tana aiki ta kwana tana aiki dole ta yi tsami. An fi ganinsa ga mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma galibi yana lafawa ba tare da an taɓa wuƙa ba.

Abin da zan ce ki yi na sati biyu zuwa uku: ki ba muƙamuƙin hutu. Kilishi, ganda, soyayyen nama, aya, rake, gasasshiyar masara, ƙanzo, cingam, duk ki ajiye. Ki koma kunu, fate, alale, tuwo mai laushi, ƙwai, kifi, fura da nono. Loma ƙanana, ki tauna da ɓangare biyu. In hamma ta zo ki tallafe haɓa da hannu kar bakin ya wage. Gashin da Hajiya ta faɗa kuwa daidai ne, tawul da ruwan ɗumi, minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana.

Hajiya Yalwa: Ato. Mu da ba mu yi boko ba ashe mun san wani abu.

Dakta Nura: Ranki ya daɗe Hajiya, kun riga mu. Sai dai ba fanka ba ce ta jawo.

Hajiya Yalwa: Kai dai ka ce a gasa, sauran bayani naku ne.

Abdul Fisiyo (ma'aikacin sashen gashi da motsa jiki): In ƙara kan na Dakta. Abin da ya fi wahalar koya wa mutane shi ne cewa haƙoran sama da na ƙasa ba a haɗe ya kamata su wuni ba. Sai ana tauna ko haɗiya suke gamuwa. Duk wanda ke karanta wannan ya duba kansa yanzu, na tabbata da yawa haƙoransu a damƙe suke. Yadda baki ke hutawa: leɓɓa a rufe, haƙora a ware kaɗan, kan harshe a sama bayan haƙoran gaba, inda yake zuwa in za ki ce "na". Maman Ilham, ki ɗaura wani jan ƙyalle a jikin kekenki, duk sanda idonki ya faɗa kansa ki tambayi kanki, haƙorana a haɗe suke? Ki sake su. Sau hamsin a rana ma ba laifi.

Motsa jiki kuma mai sauƙi ne. Harshe a wurin nan, ki tsaya gaban madubi, ki buɗe baki a hankali iyakar inda harshen bai bar wurin ba, ki lura haɓar ta sauko a miƙe ba ta karkace gefe ba, ki rufe. Sau shida, lokuta kaɗan a rana. Bayan gashi ki murza tsokar kumatun da yatsu biyu, a zagaye, minti ɗaya ko biyu. In ya ƙara zafi ki rage, ba gasa ake ba.

Malam Habu: Wurin da kake nufi sunansa hanƙa. Bayansa ganɗa, can ciki hanɗa. Mun koyar a aji ɗaya na sakandare, kun manta ne.

Asma'u Gombe: Wato harshe a hanƙa, a bar cin ganda, kar a taɓa ganɗa. Malam ka rikita mu.

Malam Habu: Ƙugiyar ɗ ɗin nan ita ce bambancin abin miya da rufin baki.

Baban Walid: Ni fa har yanzu ba a ba ni amsa ba. Me ya hana ƙaho? Kullum ku 'yan asibiti sai ku raina na gida.

Abdul Fisiyo: Ba raini ba ne Baban Walid. In wuyanka ya yi tsami aka yi maka ƙaho ka ji daɗi, ban musa ba. Amma ƙaho ba zai hana ta cizon haƙora da daddare ba, gobe ciwon zai dawo. Abin da nake tsoro shi ne tsaga a gaban kunne. Jijiyar da ke motsa fuska ta nan take bi, ga babbar jijiyar jini da za ka ji tana bugawa in ka taɓa. Ba wurin aska ba ne.

Baban Walid: Ai bayan wuya na ce.

Abdul Fisiyo: Na ji. Wasu in sun je cewa suke a yi inda ke ciwo.

Dakta Nura: Saura maganar dare. Tunda tana niƙa haƙora cikin barci, in ta zo asibiti za mu duba ko sun fara cinyewa. In haka ne akwai wata roba da ake aunawa daidai bakin mutum, ya sa in zai kwanta.

Abdul Fisiyo: Dakta a nan zan ɗan saɓa maka. A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da jagora kan irin wannan ciwo in ya wuce wata uku. Abubuwan da suka ƙarfafa su ne motsa muƙamuƙi a ƙarƙashin kulawa, tausar wuraren da tsoka ta ɗaure, gyaran zama da tsayuwa, da koya wa mutum yadda zai sarrafa damuwa da ciwo. Robar dare ba ta shiga cikin waɗanda suka ba da shawara ba, sun ma karkata ga a bar ta. Ga tsada, mai ɗinki a gida za ta kashe kuɗi a kan abin da ba tabbas.

Dakta Nura: Na karanta, kuma ban ce ita ce maganin ciwon ba. Su a kan rage ciwo suka yi magana. Ni ina maganar haƙori ne. Na ga mutum ɗan shekara 35 da haƙoran tauna sun shafe kamar an goga a dutse, ruwan sanyi ma ba ya iya sha. Robar ba ta hana cizon, amma ita ke cinyewa maimakon haƙorin. Kuma a cikin marasa lafiyata akwai waɗanda suka ce sun fi tashi da sauƙi. Ba zan ƙaryata su ba don wata takarda.

Abdul Fisiyo: Waɗanda suka ce sun ji sauƙi ai ka haɗa musu da gashi da barin kilishi. Ta ina ka san robar ce?

Dakta Nura: Ban sani ba, gaskiya. Shi ya sa ba na fara da ita. Inda ba za mu yi jayayya ba: kar a sayi ta kasuwa a wuni da ita a baki wata da watanni, tana iya sauya yadda haƙora ke haɗuwa. Kuma duk wanda ya ce zai goge miki haƙora don "su daidaita", ko ya fara da maganar tiyata, ki nemi ra'ayi na biyu. A Amurka cikin shekarun 1980 an dasa wa dubban mutane wani faifan roba na kamfanin Vitek a wannan gaɓa, ya riƙa farfashewa yana cin ƙashi, sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta sa aka janye shi a farkon shekarun 1990. Tiyata tana da wurinta, amma a ƙarshen layi take. Kafin ita ma akwai wanke gaɓar da allura, akwai magungunan da likita ke rubutawa na dare.

Maman Ilham: Ni dai ku gama ku faɗa min wadda zan bi.

Sista Rabi: Duk biyun sun ce ki fara da gashi, abinci mai laushi da sakin haƙora. Ki samu likitan haƙori na asibiti ya duba ki ido da ido. Faɗan nasu na gaba ne.

Amma tunda mutane da yawa ke karantawa, kar kowa ya ɗauka duk ciwon muƙamuƙi na gashi ne. Lokacin ina ɗakin gaggawa an kawo wani dattijo da ya kwana biyu yana shafa man zafi a haɓa. Da aka tambaya, ashe ciwon yana taso masa ne in ya yi tafiya, da zufa da nauyin ƙirji. Zuciya ce. Haka wanda ƙusa ta soka ko ya ji rauni a gona, bayan kwanaki baki ya fara ƙin buɗewa, wuya ya sandare, wannan sarƙewar haƙora ce, asibiti a ranar. Kumburi a ƙarƙashin haɓa da zazzaɓi da wahalar haɗiya bayan ciwon haƙori, shi ma ba a kwana da shi, yana toshe numfashi.

Dakta Nura: Ƙari ɗaya: wanda ya haura 50, muƙamuƙi na gajiya in yana tauna, gefen kai na zafi ko taje gashi ba ya so, gani ya fara dishi-dishi. Kumburin jijiyar jini ne, yana makantarwa in aka yi jinkiri.

Baban Walid: To wanda ya yi hamma baki ya ƙi rufuwa fa? Ya faru da ƙanena a tashar mota, yawu na zuba, mutane suka taru ana ta tofa masa addu'a an ɗauka iska ce. Wani direba ya ce a kwaɗa masa mari ya koma.

Dakta Nura: Allah ya sa ba a mara ba. Gocewa ce, kan ƙashin ya wuce gaba ya maƙale. Ana mayarwa da hannu, a naɗe manyan yatsu da ƙyalle a danna haƙoran tauna na ƙasa, ƙasa sannan baya. A baki yana da sauƙi, amma tsokar tana ɗaurewa, kuma in ya koma yana datse yatsa. A kai shi asibiti da wuri, in aka daɗe sai an yi allura kafin ya yarda.

Baban Walid: Asibitin muka kai shi. Ko minti biyar ba a yi ba. Har yau in zai yi hamma sai ya riƙe haɓa kamar mai tagumi.

Ummi Damagaram: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo da tawa. Ɗan yayata shekararsa 9. Yana ɗan shekara 4 ya faɗo daga kan amalanke ya bugi haɓa, aka ɗinke wurin ya warke. Tun daga nan bakin ke raguwa kaɗan-kaɗan, yanzu ko cokali ba ya shiga sosai, ta gefen haƙora ake tura masa tuwo, haɓar kuma ta zama ƙarama. Ba ya jin ciwo. Gashin zai yi masa?

Dakta Nura: A'a Ummi, nasa daban ne, kuma na ji daɗi da kika tambaya. In yaro ya faɗi a kan haɓa, ƙarfin bugun yana tafiya har gaɓar nan ta gaban kunne ya fasa kan ƙashin. Kowa na kallon raunin haɓa, ba wanda ya duba sama. Wajen warkewa sai ƙashin muƙamuƙi ya manne da na kai. Daga wurin ne kuma muƙamuƙin yaro ke girma, shi ya sa haɓar ta tsaya. Muna ganin irinsa a ƙasar nan fiye da yadda ake zato, wani daga faɗuwa, wani daga ciwon kunne mai ruwa da aka bari, wani bayan cutar noma mai cin fuska, wadda akwai asibitinta na yara a Sakkwato. Wannan aikin likitocin tiyatar fuska da muƙamuƙi ne, sai an yi hoto an raba ƙashin, bayan nan a yi ta motsa bakin wata da watanni don kar ya sake haɗewa. Kar a sa cokali ko itace a ce za a ɓanɓare, haƙoran za a karya. Ku fara da babban asibitin nan Damagaram su tura ku. In ta ɓangaren Najeriya ya fi muku sauƙi, Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya duk suna da sashen.

Ummi Damagaram: Na gode Dakta, Allah ya saka. Mu duk mun ɗauka haka Allah ya yi shi. Yau zan kira yayar tawa.

Hajiya Yalwa: Allah sarki yaro. Allah ya sa a dace.

*Bayan sati uku*

Maman Ilham: Jama'a na dawo da bayani. Ban je wajen mai cirewar ba. Na je asibiti sashen haƙori, aka yi hoto, aka ce haƙorin ƙarshen lafiya lau, amma na tauna sun fara shafewa, a sake dubawa bayan wata uku kafin a yi maganar roba. An ba ni na shafawa. Jan ƙyallen Abdul yana nan a keke, ranar farko na kama kaina a damƙe har na daina ƙirgawa. Na rataya ƙaramin almakashi a wuya da zare. Ciwon kai ya tafi, na gaban kunne saura kaɗan, sai ranar da na yi ɗinkin dare. Yatsu uku suna shiga, da ƙyar dai. Ƙwas ɗin ne bai daina ba.

Dakta Nura: Alhamdu lillahi. Ƙarar da ba ciwo ba a bin ta da magani, mutane da yawa suna da ita har tsufa. Kar dai ki riƙa gwada ta kina ji ko tana nan. In wata rana bakin ya kulle ya ƙi buɗewa, ki zo.

Asma'u Gombe: Kilishi fa, an sake shi?

Maman Ilham: Baban Ilham ya kawo jiya, a gabana suka cinye shi da yara. Yajin kawai na lasa.

Hajiya Yalwa: Dakta, ni tambayata goro. Shekara arba'in ina ci, kwanan nan in na fasa sai in ji nan wajen ya amsa.

Dakta Nura: Hajiya ki daina fasawa da haƙori, a yanka miki ƙanana ko a daka. In za ki iya hutawa sati biyu ya fi.

Hajiya Yalwa: A daka dai. Sati biyun nan ka ba Maman Ilham.